Haƙoran Molon Kumasi

Ku da kuka tashi a Kebbe kun sha tambayata abin da ya raba ni da Tambuwal, alhali can gidan ubana yake, can gonarsa take, can danginsa suke. Nakan ce muku ƙasar Kebbe ta fi karɓar dawa. Ba ƙarya na yi muku ba, amma ba shi ne dalilin ba. Na kuma san abin da kuke ji in kun je biki ko suna a gidan marigayi wana, Yaya Sahabi. Ana cewa ubanku yana saurayi hassada ta sa ya lalata wa wansa mai mataccen hannu abin da ya sha wahalar shekaru a kansa, daga baya kunya ta kore shi daga gari. Kukan ji ku sunkuyar da kai, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ko haka ne, don kuna jin nauyina. Waɗanda na yi shiru dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka ga yadda aka yi.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya Sahabi sannan ni, Altine. Gidanmu gidan noma ne, ba mu gaji kiɗa ba ta uwa ko ta uba. Ni dai tun ina ƙarami kunnena ya kamu da molo, har na sassaƙa nawa da kaina, na rufe shi da fatar akuya. Baba bai so ba, amma ya kau da kai bisa sharaɗi guda: kada in taɓa buɗe baki in roƙi wani da shi. Sai ya zamana ina kaɗa wa samari ranar gayya, ko da la'asar gindin tsamiyar ƙofar gidanmu in an dawo daga gona. Yaya Sahabi kuwa ya tafi cin rani ƙasar Kumasi tun ban fara gemu ba, kuma bai dawo da faɗuwar ruwa kamar sauran ba. Shekara na bin shekara sai dai saƙon gaisuwa a bakin fatake. Inna takan ajiye masa rabonsa na naman layya, ta soya ta adana, har ya bushe ta raba wa yaran maƙwabta.

Ya dawo ne bayan girbi, a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Motar da ta taso daga Jega ta sauke shi a bakin kasuwa, ya shigo gida a rame, hannunsa na hagu cikin aljihun riga, a kafaɗarsa wani dogon akwati baƙi. Da aka gama koke-koke da gaishe-gaishe, ya fito da hannun. Yatsu biyu na tsakiya sun ƙandare sun lanƙwashe cikin tafi, sauran ma ba ƙarfi. Gungumen katako ne ya danne shi a wurin da yake aikin yini. Sannan ya buɗe akwatin a tsakar gida. Abin da ke ciki ja ne wur yana ƙyalli, da dogon wuya, da tsirkiya huɗu na ƙarfe masu kauri. Jikinsa katako ne curarre, ba rami, ba fata. Ya ce sunansa jita, irin mai babbar murya wadda ke riƙe ƙasan kiɗa. Ya ce da dare yakan kaɗa ta tare da makaɗan wani otal, kuma duk abin da ya tara a shekarun nan a kanta ya ƙare.

Baba ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce:

“Shekarun ga duka, abin da kas samo ke nan? Molo babu ciki?”

Ya tashi ya tafi masallaci. Daga ranar mutanen unguwa suka sa mata suna molon Kumasi.

Jitar ba ta da murya sai da wutar lantarki da wani akwatin da ke ɗaga sauti, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. In ka taɓa tsirkiyar sai ka ji ɗan gunaguni can ƙasa, kamar mutum na magana a ɗaki na uku. Yaya Sahabi ya nuna mini dabara: a jingina kan jitar da ƙyauren katako na zaure, sai ƙyauren ya ɗauki muryar ya dinga ruri. Shi ba ya iya danna tsirkiya ko kaɗan. Ya gwada a gabana, zufa ta keto masa, yatsun suka ƙi. Ya miƙo mini ita, ya juya fuska wajen bango.

Na yi makonni ina fama da ita, amma akwai abin da ya tsaya mini. A wuyanta, daga sama har ƙasa, an gitta waɗansu ƙananan ƙarafa jere. Inna ce ta fara kiransu haƙora, sunan ya bi su. Wuyan molo sanda ce sumul, yatsa yana sulɓi a kanta, ya hau ya sauka yadda muryar mutum ke hawa da sauka, shi ya sa mai molo zai kira sunanka da tsirkiya ka waiwayo. Ita kuwa wannan, kowane sauti an killace shi tsakanin haƙori da haƙori. Daga wannan sai ka yi tsalle zuwa wancan, abin da ke tsakaninsu ba ka isa ka taɓa ba, kuma a tsakanin nan rabin Hausa take. In na so in ce “Sahabi” da ita, sai ta faɗe shi da harshen baƙo.

Wata rana da hantsi muna zaune a zaure, ina ta maimaita wani kiɗan noma yana karyewa a wuri ɗaya, sai ya ce:

“Mi ka hana ka?”

Na ce, “Haƙoran ga, Yaya. Duk inda nika son tsayawa, sai su ture ni gaba ko baya.”

Ya dubi hannunsa. Can ya ce:

“To a cire su.”

Na yi dariya don na ɗauka wasa yake. Ya ce ba wasa ba ne. Ya ce a Kumasi ya ga wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa a kaɗa da yatsu, ba shi da haƙori ko ɗaya, kuma ba abin da ya fi shi daɗin murya. Na ce masa wannan wahalarsa ce ta shekaru, in abin ya ɓaci ba ni da bakin magana. Amsar da ya ba ni har yau ina jinta da muryarsa:

“Ni ba ni ƙara kaɗa ta har abada, Altine. In tana kwance cikin akwati, hannuna ya mutu banza. In kai ka sa ta yi magana, to ban dawo hannu wofi ba. Tawa ta, kuma ni nic ce a cire.”

Muka ce wa Baba za mu Kebbe a gyaro mana galma da fartanya kafin damina, kuma da gaske mun tafi da su. Wan Inna, Kawu Namakka, maƙeri ne a can, mutum mai taurin kai da laushin hannu, wanda ke ƙera har almakashi da askar wanzamai. Muka ɗora akwatin a kan jaki muka rufe da tabarma. Da Kawu ya ji abin da ya kawo mu, ya juya jitar a cinyarsa, ya bi haƙoran da farce ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Yaya Sahabi, ba ni ba.

“Wa ad da ita?”

“Ni, Kawu.”

“Ka san in sunka fita ba su komawa yadda suke?”

“Na sani.”

“To kai za ka cire na farko da hannunka. Ba ni son gobe a ce Namakka ya ɓata kayan ɗan ƙanwatai.”

Haka aka yi. Muka kwance tsirkiyoyin muka naɗe. Kawu ya sa wani siririn ƙarfe a wuta, bai bari ya yi ja ba, ya ɗora shi a kan haƙorin da ke can sama har mannen da ke riƙe da shi ya saki. Ya zura bakin aska ta gefe ya ɗaga shi kaɗan. Sannan ya miƙa wa Yaya Sahabi ƙaramin awartaki. Da hannunsa na dama ya kama, ya ja a hankali, haƙorin ya fito, ya bar siririyar tsaga a jikin katakon. Ya ɗaga shi sama yana dariya, dariyar da ban ji ya yi ba tun dawowarsa. Sauran ni da Kawu muka cire. Aikin ba ya son gaggawa, don in ka fizga sai bakin tsagar ya ɓantare. Wurare biyu ko uku sun ɓantare duk da haka, Kawu ya tsince ɓarɓashin ya mayar ya manne. Da aka gama, wuyan ya zama duk tsaga.

Kawu ya ce ba za a bar tsagogin a buɗe ba, wuyan zai lanƙwashe in an ɗaure tsirkiya. Ya samo farin ƙahon sa, ya fere shi sirara-sirara kamar ganye, ya dafa manne da guntayen fata, muka dinga cusa ƙahon cikin kowace tsaga. Ya zaɓi fari ne don in riƙa ganin inda haƙoran suke a da, kada in ɓata. Muka bar shi ya bushe a inuwa, sannan aka bi da magagari aka rage abin da ya ɗago, aka bi da wani shimfiɗaɗɗen dutse da yashi mai laushi har tafin hannu ya daina jin komai. Wannan gugar ita ta fi cin lokaci, kuma mafi yawanta Yaya Sahabi ya yi, yana danne jitar da gwiwa, yana guga da hannu ɗaya. A ƙarshe aka shafe wuyan da man kaɗe. Da muka mayar da tsirkiyoyin sai muka ga sun yi nisa da katakon, tunda haƙoran da suke sauka a kai babu su. Kawu ya ƙara zurfin ramukan ɗan ƙashin da ke tallafe da su a saman wuya, kaɗan-kaɗan, ina gwadawa yana ragewa, har suka kwanta daidai.

Na jingina kanta da ƙyauren ɗakin Kawu, na ɗora yatsa, na ja shi ƙasa. Muryar ta bi yatsana ba ta karye ba, ta sauka kamar nishin babban mutum. Na kira “Sahabi” da ita, ta faɗe shi da Hausa. Matar Kawu ta leƙo daga madafa tana tambaya wane ne ya yi sallama. Yaya Sahabi ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa na rawa.

Bazarar nan ita ce mafi daɗin kwanakin da na yi a duniya, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya ya ƙi warkewa. Kullum in rana ta yi zafi muna zaure. Shi yana da kunne, ni ina da yatsu. Yakan ce na wuce gashi guda, in koma baya. Ya koya mini cewa aikin babbar murya ba gudu ba ne, ta tsaya ne a ƙasa ta riƙe sauran. Ni kuma na zuba mata kiɗan noma da na maharba da duk abin da na sani na molo. Yatsuna suka yi kanta suka fashe suka sake yin kanta. A kwano ɗaya muke cin abinci. Ni nake ɗaure masa mazagin wando in hannun ya yi masa tsami. Ban taɓa sanin ina da wa ba sai a watannin nan.

Gab da faɗuwar ruwa aka shiga hidimar zaɓen majalisar Jihar Arewa. Wani attajirin gyaɗa a garinmu, Alhaji Modi, yana neman kujera, kuma yana da mota mai lasifika da ke aiki da batir. Labarin molon Kumasi ya kai masa, ya aiko yana so a kaɗa ranar kasuwa, don zai yi baƙi daga Kaduna. Na ce wa Yaya Sahabi wannan ya yi kusa da roƙon da Baba ya hana. Ya ce ba za mu karɓi komai ba, shi dai yana so sau ɗaya garin nan ya ji abin da ya kawo da cikakkiyar muryarsa. Shi ya je ya shawo kan Baba.

Direban motar ya haɗa wayar jitar da lasifikar. Na tsaya a bayan motar, ga kasuwa cike. Da na taɓa tsirkiyar farko, na ji sautin a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Jakuna suka firgita, masu awo suka bar mudu. Na fara da kiɗan noma, mutanen ƙauyuka suka gane shi nan take, suka matso. Sai na shiga kiran sunayen unguwanni da garuruwa da tsirkiya, Sanyinna, Dogon Daji, Kebbe, duk wanda aka kira garinsu sai su ɗaga hannu suna sowa. Wani tsoho ya rantse akwai mutum a cikin lasifikar. Na hango Yaya Sahabi a gefen rumfar manya, ƙirjinsa a gaba, ya ma manta ya fito da mataccen hannun daga aljihu.

Bayan an tashi aka kira mu rumfar. Cikin baƙin akwai wani mai kwat da tabarau, aka ce shi ke kula da makaɗan wani kulob na manyan ma'aikata a Kaduna. Ya karɓi jitar ya duba bayanta, ya karanta rubutun da ke kanta, ya gyaɗa kai. Da ya juyo wuyan sai fuskarsa ta canza. Ya shafa farin ƙahon da yatsa. Ya ce irin wannan jitar a duk Kaduna ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ya daɗe yana neman irinta, kuma da lafiyarta ƙalau da ya tafi da ita da mai ita, ya ba shi aikin koyar da yaransa, tunda hannu ne ya mutu ba kai ba. Amma yaransa ba za su iya kaɗa abu ba haƙora ba. Ya ce kiɗan da ya ji ya yi daɗi, sai dai wasan ƙauye ne. Sannan ya tambaya, cikin Hausar Kaduna:

“Wane ne ya yi wannan ɓarnar?”

Manyan gari suna zaune, Alhaji Modi yana zaune. Na juya na dubi wana, ina jira ya yi dariya ya ce shi ne. Na ga leɓensa na motsi. Ya mayar da hannun cikin aljihu. Ya ce:

“Ƙanena na, ranka ya daɗe. Ina kwance ban da lafiya yaɗ ɗauke ta yak kai maƙera. Sai aikin gama nig gani. Bai san darajar abin ba.”

Bai dube ni ba. Wani daga cikin manyan ya ce Allah ya sawwaƙe, wani ya ce ɗan'uwa ke nan. Ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban manya, haka aka rene mu. Na sa takalmina na fita daga rumfar. Mutanen da suka gama yi mini sowa suna ta miƙo mini hannu a hanya, ban san yadda na isa gida ba.

Kafin la'asar maganar ta riga ta shiga gidanmu. Baba ya kira mu zaure. Na ɗauka a gaban ubanmu Yaya Sahabi zai gyara, ya ce tsoro ne ya kama shi, ko kwaɗayin aikin. Sai ya maimaita abin da ya faɗa a kasuwa, ya ce a Kebbe zazzaɓi ya kwantar da shi ni kuma na kai wa Kawu jitar, har ya ƙara da cewa ya yi shiru ne tun farko don ya rufa mini asiri. Baba bai ɗaga murya ba, bai saba ba. Ya ce bai taɓa son abin ba, amma abin wani ne, kuma wanda ya ci amanar ɗan'uwansa nakasasshe ba abin da ba zai iya ba. Ya ce kiɗa ne ya kai ni ga haka. Ya sa aka ɗauko molona, ya ce in karya shi da kaina. Na taka wuyansa na karya. Na ce:

“Baba, Kawu Namakka shina nan da rai. Gobe in tafi in zo da shi, a tambaye shi wa yac cire na farko.”

Baba ya ce in tafi in ina da gaskiya. Na ga Yaya Sahabi ya yi fari fat.

Na shiga cikin gida in ɗaura shiri, sai Inna ta kira ni madafa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce in zauna. Na fara rantse mata, ta tsayar da ni.

“Ba sai ka rantse ba. Na sani. Namakka ya aiko man da labari tun kuna can.”

Na ce, “To Inna ki faɗa ma Baba.”

Ta ajiye rariyar. Idanunta sun yi ja.

“In nif faɗa, mi ya rage mai? Hannu ya tafi, dukiya ta tafi. In anka ce kuma maƙaryaci na gaban ubanai da manyan gari, wa ka ba shi mata? Wa ka ba shi aiki? Kai kana da hannunka biyu, Altine, ko'ina kat tafi kana ci. Ka bar mai wagga guda.”

Na ce, “Inna, sunana fa.”

Ta ce, “In dai ni na haife ka, ba ka zuwa Kebbe gobe.”

Na sha tunanin wannan zama a madafa fiye da yadda na yi tunanin rumfar kasuwa. Abin da Yaya Sahabi ya yi, tsoro ne da kwaɗayi na ɗan lokaci suka fara shi. Ita kuwa Inna a natse ta auna mu biyu, ta ga wanda zai iya ɗaukar kaya, ta ɗora masa. Ban ce ba ta sona ba. Amma ta san gaskiya, ta zauna da ita a gida ɗaya da Baba har ya mutu, tana kai masa tuwo, ba ta faɗa ba. Ban je Kebbe washegari ba. Baba ya jira har azahar, da ya ga ina gida ya gane abin da ya gane, bai sake ɗaga maganar ba.

Na yi daminar nan a Tambuwal kamar baƙo. A gona ba mai haɗa kuyyar noma da ni. In na wuce majalisa sai hira ta tsaya. Samarin da na kaɗa wa gayya suka sa mini suna Mai Cire Haƙori. Baba yakan amsa gaisuwata yadda ake amsa ta mai wucewa. Da aka kai amfanin gona gida na ɗaure kayana na taho wurin Kawu. Da ya ji abin da ya faru ya ɗauki sandarsa zai kama hanyar Tambuwal a ranar, amma saƙon ƙanwarsa ya riga ni isowa, ita ma ta ɗaure shi da zumunci. Ya jefar da sandar ya ce mu duka mahaukata ne. Ya ba ni gona, daga baya ya nema mini uwarku. Bai yi shekaru da yawa ba ya rasu, shaidata ta bi shi kabari. Baba ma ya rasu yana ɗauka ya haifi maci amana.

Shi kuwa Yaya Sahabi ya samu tafiya Kaduna. Mai tabarau ya ɗauke shi don tausayi, amma ba koyarwa ba, ɗaukar kaya da goge su. Aka kai jitar wurin wani mai gyara ya mayar mata da haƙora. Ƙahon da Kawu ya cusa ya kama katakon ya zama jiki ɗaya, sai mutumin ya yanka sababbin tsagogi a karkace. Ba ta sake faɗin sauti daidai ba, da haƙora ko babu. Wani direba ɗan garinmu ya ce ya gan ta a jingine a ɗakin ajiya, ba tsirkiya, wuyan ya tsage. Da soja suka karɓi mulki aka watse da makaɗan, Yaya Sahabi ya dawo Tambuwal ya kafa teburin goro, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Labarin kuwa ya ci gaba da ba da shi, yana ƙara masa gishiri, har ya zama shi ne dalilin duk abin da bai samu ba a rayuwa. Mukan haɗu a jana'iza da suna, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi kasuwa. Ni ban sake taɓa tsirkiya ba. Ba hanin Baba ya hana ni ba, don bayan ransa ba mai hana ni. Duk lokacin da na ji molo a bakin kasuwa sai in canza hanya.

Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani aka aiko mini, na hau mota na je. Na same shi da hantsi a ɗakinsa, ya zama ƙashi da fata. Ya sa matarsa ta fita. Na zauna kusa da shi. Can ya ce, da muryar da sai na sunkuya na ji:

“Altine, ka san ni nic ce a cire.”

Na ce, “Na sani, Yaya.”

“Ni nic cire na farko.”

“Ina wurin.”

Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Na ce a raina yau Allah ya kawo ranar, zai sa a kira 'ya'yansa. Na yi shekaru ina shirya abin da zan ce a wannan lokaci, kuma duk na yafewa ne. Sai ya kama bakin rigata ya ce:

“Ka yafe man. Amma don Allah kak ka faɗa ma ɗiyana. Ba su san ni da ƙarya ba.”

Kafin in ba shi amsa aka ɗaga labule. Babban ɗansa ne, Bello, ya shigo da kofin ruwa. Ya ga hawaye a fuskar ubansa, ya ga kaina a sunkuye kusa da shi, ya fahimci abin yadda aka koya masa. Yaro ne mai ladabi. Ya durƙusa a gabana, ya sassauta murya don ya kwantar mini da hankali, ya ce:

“Baffa, kak ka damu kanka. Maganar jitar nan Baba ya daɗe da yafe maka. Ya sha faɗa muna.”

Na dubi Yaya Sahabi. Yana jinmu sarai. Ya dube ni, sannan ya lumshe ido.

Na ce wa Bello, “Na gode.” Na karɓi kofin daga hannunsa, na tallafo kan wana, na ba shi ruwan ya sha.